Yammacin Tsaron Waya

Saura kaɗan in fasa rubuta muku wannan kashi na labarina. Na buɗe waya na rufe, na sake buɗewa, har kakata A-Ma ta ce in dai haske mata ido zan yi ta yi, to in fita tsakar gida. Ba komai ba ne sai kunya. Kowa a garinmu Puzi ya san ni, Pei-ru ta shagon madarar waken suya, wadda in baƙo ya tambaye ta hanya sai dai ta nuna masa da hannu. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, domin shekarar da mahaifiyata ta rasu na koma shago ina taya babana, A-Pa. Don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Amma abin da na aikata ranar Laraba da yamma, da wata ce ta ba ni labarinsa, cewa zan yi ƙarya take yi.

Ga waɗanda ba su san Wen-kai ba, shi ne mai kawo mana tukunyar gas. Dogo ne, rana ta ƙona shi, kullum da ƙaramin tawul a kafaɗar da yake saɓa tukunya. Ranar da ya fara zuwa na ruɗe na ba shi madara ba sukari, ya shanye tas ya ce haka yake so. Sai bayan shekara guda ya gaya min ƙarya ya yi, shi mayen sukari ne, kawai ba ya so in ji kunya. Daga nan zance ya fara. A watan jiya muka shirya cewa zai roƙi A-Pa ya sa ranar da iyayensa za su zo gidanmu shan shayi, a yi maganarmu. A-Pa na son sa, har yana ajiye masa wainar ƙwai mai kauri. Babu abin da muke tsoro.

Sai ga zaɓen fid da gwani na jam'iyya.

Talabijin ɗin shagonmu a bango yake, saman firij, kuma daga buɗewa har rufewa siyasa yake yi. Mutum uku ke neman tikitin takarar shugaban ƙasa. Akwai tsohon Minista Leng, wanda manyan jam'iyya suka ɗaga wa hannu. Sai biyu da suka fito ba tare da izinin kowa ba: Direba Tuan, wanda ya daɗe yana tuƙa bas kafin ya shiga siyasa, har yanzu da silifas shuɗi da fari yake hawa dandamali, da Lauya Fei, matashiya mai farar riga da takalmin gudu, wadda ta zagaye ƙasar a kan keke. A-Pa na Tuan ne, har hotonsa ya liƙa kusa da kalanda. Wen-kai na Fei ne. Na sani, amma na roƙe shi ya bar abin a cikinsa.

Masu sharhin talabijin kuwa ba su da aiki sai gwada mutanen nan biyu. Sun raɗa musu suna 'yan tawaye tagwaye. A raba allo biyu, a sa rabin fuskar Tuan a haɗa da rabin ta Fei, ta fito wata halitta mai rabin gashin baki. Wai duka manya ba sa son su. Wai duka 'ya'yan talakawa ne. Wai duka tarin ƙananan gudummawa suke yi, shi a bokitin roba, ita ta waya. Wai duka in suka kama makirufo sai an ƙwace. Wani mai sanƙo ya ce ma, bambancinsu ɗaya ne, ita tana shafa jan baki.

Ana cikin nuna fuskar nan wata safiya Wen-kai ya shigo da tukunya a kafaɗa. A ranar ce zai yi wa A-Pa maganarmu. Har sabuwar riga ya sa, mai ruwan toka, da alamar guga a hannunta. Ni ina bayan kanta ina zuba madara.

A-Pa ya nuna allon da ludayi. “Dubi rainin hankali! Wai waɗannan iri ɗaya ne!”

Wen-kai, wanda ke kiran babana A-Peh, wato baffa, ya sauke tukunyar ya ce, “Gaskiyarka, A-Peh. Wannan cin mutunci ne.”

A-Pa ya washe baki ya kalli masu cin abinci. “Kun ji ko? Yaro ma ya gane.”

“Ai dole,” in ji Wen-kai. “Yaya za a haɗa mace mai ilimi da tsari da mutumin da ba shi da komai sai ihu da silifas?”

Kowa a shagon ya juyo. Har mai tsotsar madara da tsinke ya dakata. Ni kuwa na ji kamar in shige cikin firij in ja ƙofa.

A-Pa ya kalli ƙafarsa, ga silifas shuɗi da fari. Ya ɗago a hankali.

“Me ka ce ya samu silifas?”

“A-Peh, ba kai nake...”

“Yarinyar da ko tayar mota ba ta taɓa canzawa ba, ita ce mai tsari? Keke! Ƙasa za ta tuƙa ko keke?”

“To ai shi ma ƙasar ba bas ba ce, A-Peh.”

Wayyo Wen-kai! Na yi ta ƙifta masa ido har idona ya yi ruwa, bai ko kalle ni ba. Shi ma ya hau, jijiyar wuyansa ta tashi kamar ta A-Pa, kowa yana buga tebur da hannun dama. A-Ma tana zaune a kujerarta tana tsinke albasa, ta ce, “Ni dai tagwayen da nake gani ba a bango suke ba.” Babu wanda ya saurare ta.

Ƙarshenta A-Pa ya ce, “Haɗa tukunyar nan ka fita. Daga yau gas ɗin Tsoho Hung zan saya. Shi ya san mutanen kirki.”

Tsoho Hung na Tuan ne, har tuta ya ɗaura a babur ɗinsa.

Kafin kwana biyu labari ya kai wa Gwaggo, yayar A-Pa. Ta iso da lemarta, gashi ya sha naɗi, jan baki har kan haƙori, ga leda a hannu. Ta zazzage a kan gadona: riga ce ruwan hoda mai leshi a wuya, da ƙaramar jaka fara.

“Gwada mu gani. Lahadin bayan zaɓen nan za mu ci abincin rana a birnin Taichung, ki ga yaron da na samo miki. Yaron mai kantin magani ne, kantin nasu ne na kansu, da na'urar sanyi. Ba ya ɗaukar komai a kafaɗa.”

“Gwaggo, ni...”

“Ke me? Ɗaga hannu. Kin gani, kamar a jikinki aka ɗinka. Kuma yaron ba ruwansa da hayaniya, duk wanda manya suka ce shi yake zaɓa.”

Na kalli A-Pa da ke bakin ƙofa. Ya kau da kai ya ce, “Kallo ne kawai, je ki gani. Ba wanda ya ce dole.”

Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, “Ta yarda!” Haka rayuwata take, masu karatu. In na yi shiru, kowa sai ya cika shirun da abin da yake so.

Da yamma saƙon Wen-kai ya shigo.

“Har yanzu yana fushi?”

“Ya cire kofin da kake sha ya kai ciki.”

“Kai! Har kofi?”

“Me ya kai ka maganar silifas?”

“Ban lura da ƙafarsa ba. Ke nake kallo.”

“Ƙarya. Da ni kake kallo da ka ga ina ƙifta ido.”

“Na ɗauka albasar A-Ma ce.”

Na yi dariya ni kaɗai, sannan na gaya masa zancen Lahadi. Can ya rubuto, “Za ki je?” Na rubuta “a'a”, na goge, domin na san kaina, in Gwaggo ta tsaya da tasi a ƙofar gida shiga zan yi kamar akuya. Na tura masa hoton 'yar zomanya tana kuka. Ya turo hoton dabbar beyar ta kifa kai a bango.

To a jam'iyyar nan ba layi ake yi a jefa ƙuri'a ba. Waya ake bugowa. Ana sa 'yan kwanaki, daga shida na yamma zuwa goma, masu tambaya su yi ta kiran wayoyin gida, na igiya, duk gidan da na'ura ta zaɓa. Wanda ya fi samun goyon baya a amsoshin shi ne ɗan takara. Gidajen da ake kira ba su da yawa a duk ƙasar, A-Ma ta ce gara mutum ya sa rai da caca. Amma duk da haka a kwanakin nan ba mai fita. Motocin kamfe suna yawo da lasifika suna cewa, “Ku zauna a gida! Ku tsare waya!”

A-Pa ya tara mu ya yi mana darasi, da ludayinsa a hannu.

“Ku saurara. Tambaya uku za su yi. Za su ce, in Tuan ne ya kara da ɗan takarar waccan jam'iyyar, wa za ki zaɓa? Ki ce Tuan. Za su ce, in Fei ce fa? Ki ce ba ni da zaɓi. In Leng ne fa? Ba ni da zaɓi. Tuan kaɗai! In kika ba mutum biyu, kin zubar da ƙuri'ar a kwata.”

A-Ma ta ce, “In suka tambaye ni lafiyar gwiwata fa?”

“A-Ma, ke kada ki ɗauka ma. Kuma za su tambayi shekaru. Matasa ba sa zama a gida, shi ya sa amsar matashi ta fi nauyi. Ni zan ce shekarata ashirin da biyar.”

Ya gyara murya, ya matse ta kamar an taka ɗan kyanwa. “Sannu, ni ɗalibi ne.”

A-Ma ta yi dariya har haƙoranta na roba suka motsa. “Ɗalibin da ke tari kamar tsohuwar babbar mota!”

Ni ba a ma sa ni a lissafi ba. Kowa ya san ba na ɗaukar wayar gida. In ta yi ƙara ina kusa, ɗaki nake shigewa.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce, wayar ba ta ce uffan ba. Laraba ce ranar ƙarshe. Tun la'asar A-Pa ya goge wayar da tsumma, tsohuwa ce mai ruwan madara, tana kan teburin da ke ƙarƙashin hoton kakana. Ya kira ta da wayar hannunsa ya tabbatar tana aiki. Ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi. Ya ja kujera ya zauna ya zuba mata ido, fanka na kaɗa masa singileti. Titi ya mutu. Ko da motar shara ta zo da kiɗanta, tsofaffin mata ne kawai suka fito da ledoji, mazan duk suna tsaro. Wen-kai ma ya rubuto min tun da rana: “Iyayena sun tafi Tainan wurin yayata. Ni kaɗai ne mai gadin wayarmu. Ko girgizar ƙasa aka yi ba zan motsa ba.”

Ni ina kicin na ɗora babbar tukunyar madarar gobe, wadda muke dafawa da yamma mu sa a firij don masu son mai sanyi, mu kuma yi awara da sauran. Ina juyawa, ta fara ɗumi, kumfa ya fara tasowa. Sai wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta ce fut.

Na murɗa, na sake murɗawa. Na girgiza tukunyar gas, fayau.

“A-Pa, gas ya ƙare.”

“Yanzu? Ai shekaranjiya Hung ya... a'a, wancan makon ne.” Ya dafe kai. Ya san abin da na sani, madarar da ta yi ɗumi ba ta tafasa ba, a zafin nan, kafin a jima ta yi tsami. Waken yini guda ke nan, kuma gobe ba shago.

Ya kira wayar hannun Tsoho Hung. Matarsa ce ta ɗauka, ina jin muryarta daga kicin.

“Ya ce ko gidanku ne ya kama wuta sai bayan goma. Ya ce kai ma ka san dalili.”

“Ki ce masa ni ne! Ɗan uwansa a tafiya!”

“Ya ce shi ya sa ya san za ka fahimta.”

A-Pa ya ajiye waya yana huci. A-Ma ta ce, “Ga mutanen kirki nan.”

Na laɓe bayan firij na ciro wayata.

“Gas ɗinmu ya ƙare. Madara na kan wuta.”

“Hung fa?”

“Yana tsaro.”

“Pei-ru, kin san ni kaɗai ne a gida.”

“Na sani.”

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Ban ƙara komai ba, domin na san yadda ya ƙwallafa rai, har hutu ya ɗauka a wurin aiki saboda kwanakin nan. Can saƙo ya shigo.

“Babba ko ƙarama?”

Na rungume wayar a ƙirjina kamar wata sakarya.

Ba a jima ba muka ji babur. Ya shigo da gajeren wando da hular kwano, tukunya a kafaɗa, gumi na zuba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan rusuna.

“Barka da yamma, A-Peh.”

A-Pa bai kalle shi ba. “Wa ya kira ka?”

“Madara ce ta kira ni.”

“Wa ke tsare maka waya?”

“Ba kowa.”

A nan A-Pa ya ɗago ya dube shi sosai, kamar wanda aka ce masa mutum ya bar jariri a kasuwa. Sai ya nuna kicin da haɓa.

Sai aka samu matsala. Tsoho Hung ya ɗaure kan tiyon a tsohuwar tukunyar a karkace, ya cije. Da Wen-kai ya samu ya kwance ya mayar kan sabuwar, ya ƙi zama daidai, sai wani ya riƙe tukunyar da tiyon da ƙarfi shi kuma ya murɗa. Na gwada, ta fi ƙarfina.

“A-Peh, sai ka taimaka. Yanzu za a gama.”

A-Pa ya kalli waya, ya kalli kicin, ya tashi kamar ana cire masa haƙori. “Pei-ru, tsaya nan. In ta yi ƙara ki ƙwala min kira. Kada ki taɓa!”

Na tsaya. Ina jin su. “Riƙe nan.” “Na riƙe.” “Ba nan ba, A-Peh.” “Yaro, tun ba a haife ka ba nake haɗa gas.” Sai na ji tsss, warin gas ya taso.

A daidai nan wayar ta yi ƙara.

Na rantse muku sai da na yi tsalle.

“Waya! Waya!” A-Pa ya yi ihu.

“A-Peh kada ka saki! Yana fita! Kada ka saki!”

“Sake ni!”

“Ai ba ni na riƙe ka ba, kai ka riƙe tiyo!”

Ta yi ƙara ta biyu, ta uku. Ƙafafuna suna cewa ɗaki. A-Ma ta zungure ni da sandarta. “Ɗauki mana, 'yar nan, ba ta cizo.”

Na ɗauka.

Muryar mace ce, mai sanyi, tana karantowa. Ta ce daga masu binciken ra'ayi ne kan zaɓen fid da gwani, ko zan ba ta ɗan lokaci? Na ce “eh”, da ƙyar ni kaina na ji. Ta tambayi shekaruna, na faɗa mata gaskiya, ashirin da uku. Ta tambayi gundumarmu, na faɗa.

Sai ga su sun faɗo falon tare, har suna cin karo a ƙofa, hannuwa duk baƙin mai. A-Pa ya miƙo hannu. Na girgiza kai na raɗa masa, “Ta riga ta rubuta ni.” Ya san in aka canza murya kashewa za su yi. Ya tsaya a damana. Wen-kai ya tsaya a haguna. A-Pa na motsa baki, Tuan, Tuan. Wen-kai ya haɗa tafin hannu yana roƙo, Fei, Fei. Amsar 'yar shekara ashirin da uku, mai nauyin da A-Pa ya yi ta matse murya yana nema, ga ta a hannuna.

Masu karatu, ban san daga ina abin ya zo min ba. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin mutum biyu suna jiran abin da zai fito daga bakina ba. Na ce wa matar, “Ɗan dakata kaɗan, don girman iyayenki.” Na rufe bakin wayar da tafin hannuna.

“A-Pa.”

“Tuan! Ki ce Tuan!”

“Yaushe iyayen Wen-kai za su zo?”

Ya saki baki. Wen-kai ma ya saki nasa.

“Yanzu ne lokacin wannan maganar? Matar na jira!”

“Ni ma jira nake yi.”

“Pei-ru!”

“To sai in ce mata duka ukun ba ni da zaɓi.”

“Kada ki soma!” su biyun suka faɗa tare.

Muryar matar na fitowa ta tsakanin yatsuna, “Kina ji na? Kina nan?” A-Pa ya fara tsalle a wuri ɗaya, silifas na ƙara.

“Gwaggonki ta riga ta shirya Lahadi...”

Na fara zare hannuna a hankali.

“Su zo! Lahadin! Su zo, na ce! Amsa mata!”

A-Ma ta buga sanda a ƙasa. “Ni shaida ce, hoton mijina ma shaida ne.”

Wen-kai ya runtse ido kamar za a yi masa allura, ya ce, “Ki ce Tuan, Pei-ru. Ba komai.”

Na mayar da wayar kunnena. Matar ta ce, in Direba Tuan ne ya kara da ɗan takarar waccan jam'iyyar, wa zan zaɓa?

“Tuan,” na ce.

A-Pa ya ɗaga hannu sama kamar ya ci ƙwallo, ya rungume Wen-kai bai sani ba.

In Lauya Fei ce fa?

A-Pa na kaɗa min hannu, babu, babu.

“Fei,” na ce.

In Minista Leng ne fa?

“Ba ni da zaɓi.”

Ta yi godiya ta kashe. Na ajiye wayar a hankali.

“Kin ba ta ita ma?” A-Pa ya dafe ƙirji. “Kin soke ƙuri'ar!”

“Haba Pei-ru,” in ji Wen-kai, “ai mutum ɗaya ake ba! Ko yaro ya sani!”

“Gaya mata! Na koya mata da bakina!”

“Kin zama irin masu talabijin ke nan, wai duk ɗaya ne!”

“Ji fa! A gidana!”

Suka sa ni a tsakiya, wannan ya faɗa wancan ya ƙarasa masa. Da can ne, da tuni na yi ɗaki. Amma bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa.

“Ban ce ɗaya ba ne,” na ce, ina kallon ƙasa. “Ku kuna ihu, ni ina wanke kofuna ina jin abin da suke faɗa. Tuan ya ce zai dawo da bas ɗin ƙauyuka. Tunda aka soke na layinmu, a bayan babur nake kai A-Ma asibiti, tana riƙe da ni tana rawa. Fei kuma ta ce za a buɗe makarantar yamma kyauta ga waɗanda suka bar karatu da wuri. Ni duka biyun nake so. An tambaye ni, na faɗa.”

A-Pa ya kalle ni, ya kalli hannunsa, ya goge man a singileti.

“Makarantar yamma,” ya ce a hankali. “Ba ki taɓa cewa kina so ba.”

“Ba a taɓa bugo min waya ba.”

A-Ma ta fashe da dariya. Wen-kai ya rufe bakinsa da tawul. Sai A-Pa ya zabura, “Madara!” Muka ruga kicin mu uku.

Ta tsira. Na juya har ta tafasa, su kuma suka koma falo, A-Pa ya buɗe talabijin. Mai sanƙon nan ne, yana cewa tagwaye za su raba ƙuri'a Leng ya wuce ta tsakiya. Ina jin su suna zaginsa, wannan ya ce kansa kamar dafaffen ƙwai, wancan ya ce ƙwan ma ya fi shi abin ciki. Na kawo musu taliya da soyayyen kifi. A-Pa ya tura wa Wen-kai babban yankin, amma ya ce, “Har yanzu keke ba mota ba ce.” Wen-kai ya buɗe baki, na taka masa ƙafa, ya cika bakin da taliya.

Maganar Lahadi kuwa A-Pa bai sake tayar da ita ba. Ko da Wen-kai ya yi sallama, “Ka gaida gida” kawai ya ce. Alkawarin da aka ƙwata da waya a hannu, bayan kuma na raba masa ƙuri'a, anya zai tsaya?

Da Wen-kai ya isa gida ya rubuto, “Wayarmu na nuna an kira sau ɗaya ba na nan.”

“Su ne?”

“Ba zan duba lambar ba. Ina so in rayu cikin farin ciki.”

“Ka yi nadama?”

“Tambaye ni ran Lahadi. In akwai Lahadin.”

Washegari na fito da sassafe zan kunna wuta. A-Pa ya riga ni, yana gaban kasko yana juya waina, ya ba ni baya. A kan teburin falo na ga wani kwali duk ƙura. Na buɗe. Butar shayi ce ta jan yumɓu da 'yan ƙananan kofunanta, na auren mahaifiyata, waɗanda ba a sauko da su daga saman kabad ba tun rasuwarta.

Na tsaya riƙe da murfin kwalin.

Bai juyo ba ya ce, “Ki wanke da ruwan zafi, ban da sabulu. Kuma ki gaya wa yaron nan, in uban nasa na Leng ne, su zauna a gidansu.”

Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na kife a kan farin tawul. Na share hannuna. Sannan na je wurin wayar gidan, da ƙafata, ba wanda ya zungure ni, na danna lambar Gwaggo.

“Wa? Pei-ru? Ke ce a waya? Lafiya? Kin goge rigar Lahadin dai ko?”

“Na goge, Gwaggo,” na ce. “Zan sa ta ma. Amma ki zo gidanmu da wuri, muna da baƙi.”